Filin Masu Mota: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Tun da ruwan watan Yuni ya kankama a Legas, wasiƙun da ke shigo mana kusan duk zancensu ɗaya ne. Wannan ya tarar da ruwa ƙarƙashin kafet, wancan a cikin but, wani kuma nasa ruwan guduwa yake yi daga lagireto. Mun tsamo guda takwas, mun rage tsawon wasu saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2010. Kafet ɗin gaba, wajen ƙafar fasinja, kullum jagab yake, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Yaron da ke wanke min ita ya ce gilashin gaba ne ke yoyo, wai in sa a bi gefensa da silikon. Ya kuka gani?
Daga wani mai karatu, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗin silikon ɗinka. Ai kai da bakinka ka fitar da gilashin daga zargi, tunda ka ce ko ba a yi ruwa ba kafet na jiƙewa. Daga cikin motar ruwan yake fitowa, kuma ɗayan biyu ne, ko esi ko hita.

Bayan dashbod akwai akwatin da esi ke sanyaya iska a ciki. Iskar Legas cike take da laima, da ta bugi sanyin ƙarfen da ke cikin akwatin sai ta koma ruwa, kamar yadda gorar ruwa ke gumi idan an fito da ita daga firij. Wannan ruwa yana da hanyarsa, wani ɗan gajeren tiyo na roba da ke zubar da shi ƙarƙashin mota. Ƙura da yauƙi kan toshe tiyon, wani lokacin kuma ƙafar fasinja ce ko hannun mai wayarin ya zare shi daga mazauninsa. Ruwan ya rasa mafita, sai ya malalo kan kafet.

Ka tsayar da motar a busasshen wuri, ka kunna esi har ƙarshen sanyinsa na minti 15, sannan ka leƙa ƙasa. In ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba, an kama ɓarawo. Don ƙarin tabbaci ka danna farin tishu a kan kafet ɗin. Ruwan esi garau yake, ba launi ba wari. Amma in ka ji santsi a yatsa, ka ga launin hoda ko kore, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ga ruwan lagireto na raguwa, to ɗan ƙaramin lagireton hita ne ya fashe. Kada ka ce ai ba ka taɓa kunna hita a Legas ba. A motoci da yawa ruwan inji na bi ta cikinsa ko an kunna ko ba a kunna ba. Wannan aikin bakanike ne.

Na esi kuwa za ka iya da kanka. Ka janye saman kafet ɗin da ke ƙarƙashin durowar dashbod, za ka ga tiyon ya fito daga akwatin ya ratsa bangon da ke tsakanin ɗaki da inji. Ka ajiye kwano, ka zare shi, ka wanke cikinsa. Bakin da ya fito daga akwatin ka sosa shi da igiyar roba mai ɗan kauri irin ta masunta, a hankali, kada ka zura da nisa. Waya ko sifok ɗin babur haramun ne a nan. Abin da ke ciki siririn alminiyam ne, in ka huda shi gas ya tafi, kuma sai an sauke dashbod gaba ɗaya kafin a kai gare shi.

Sai busarwa, wadda ita ce mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙarƙashin kafet akwai wani kauraren bargo mai shan ruwa kamar soso, yakan riƙe lita da yawa alhali saman ya bushe. Ka ɓalle robar bakin ƙofa, ka ɗaga kafet ka tokare shi da katako, ka matse bargon, ka saita fanka tana hura ciki kwana biyu ko uku. Wayoyi da soket na bin ƙasan nan, in suka zauna cikin danshi sai ka ga fitilun gargaɗi na kamawa ba dalili. In har sai an cire kujera, a fara cire kan batir na nagetif, a jira aƙalla minti biyu kafin a taɓa soket mai launin rawaya, domin na jakar iskar kariya ne.

Tambaya: Motata jif ce mai tagar gilashi a rufi. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi silin ɗin yana jiƙewa ta gefen direba, har ya yi shati. Wani fanel-bita ya ce ya liƙe tagar da gam kowa ya huta. In yarda?
Daga wata Hajiya, Ajah

Amsa: Hajiya, kada ki yarda, gyaran gangar auzinawa zai yi miki. Abin da yawancin masu irin wannan mota ba su sani ba shi ne, ba a ƙera robar tagar rufi don ta hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari ba. Ɗan ruwa na wucewa, ya sauka cikin wani tire da ke kewaye da tagar, a kusurwoyin tiren kuma akwai ƙananan ramuka, yawanci huɗu. Kowane rami yana da siririn tiyo. Na gaba biyu suna gangarowa ta cikin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba su zubar ta bayan tayoyin gaba, na baya kuma su bi ginshiƙan baya. Ƙurar hunturu ta kwanta a tiren tun Disamba, ruwan farko ya dama ta ta zama taɓo, rami ya toshe, tire ya cika ya yi ambaliya kan silin. Yawancin yoyon mota haka yake. Ba sabon rami ne ya buɗe ba, tsohuwar hanyar fita ce ta rufe.

A buɗe tagar har ƙarshe, a goge tiren da jiƙaƙƙen tsumma. A zuba rabin kofin ruwa a hankali a kowace kusurwa ta gaba, wani na tsugune yana duban bayan taya. In ruwan ya fito cikin 'yan daƙiƙu, wannan hanya lafiya take. In ya tsaya cak, a zura igiyar roba mai laushi ana juya ta, a bi da ruwan ɗumi. Sau da yawa toshewar a can ƙasa take, inda tiyon ya ƙare da wani ɗan tsukakken baki na roba. Matsa shi da yatsu kawai yakan sa taɓon ya fito. Na baya ba a cika ganin ramukansu daga sama ba, sai a tsayar da motar hancinta na kallon tudu, a zuba ruwa ya gangara baya, a duba ko ya fita.

Abin da za ki hana shi ne a kai wa mai faci ya hura da injin iskarsa. Ƙarfin iskar na fizge tiyon daga bakin tire a can cikin silin, daga nan duk ruwan da ya shiga kai tsaye zai zuba cikin mota, kuma sai an sauke silin kafin a mayar. Haka nan a yi hattara da ɓalle robar ginshiƙi, akwai jakar iskar kariya a naɗe a wajen.

In magudanun duka suna aiki amma yoyon bai daina ba, sai gwajin tiyo. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyon ruwa mai zuba a hankali, ba mai feshi ba. Daga ƙasa ake farawa ana hawa: gindin ƙofa minti biyar, sannan gilashin ƙofa, sannan gindin gilashin gaba, sannan samansa, rufi a ƙarshe. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa komai lokaci ɗaya, ba zai san ta ina aka shigo ba. Kuma inda ruwa ya ɗiga ba lallai ne ta nan ya shiga ba, yakan bi waya ko haɗin ƙarfe ya yi tafiyar kamu biyu ko uku kafin ya faɗo.

Wurare uku ne suka fi fitowa a wannan gwaji. Akwai faffaɗar robar da ke gindin gilashin gaba, inda hannayen waifa suke. Ƙarƙashinta kwata ce, ganye na toshe ta musamman ga mai fakin a gindin bishiya, ruwa ya taru ya shiga ta ƙofar da esi ke jan iska. Akwai ledar da ke manne a bayan murfin cikin ƙofa, wadda masu sa sifika da masu gyaran injin gilashi ke yagewa ba su mayar ba. Sai kuma gilashin gaba in an taɓa canza shi. Da gam na musamman mai suna yuretan ake kafa shi, kuma in haɗin ya buɗe, maganinsa a cire gilashin, a kankare tsatsar da ke firam, a shafa share-fage, a sake kafawa. Silikon irin na gini, wanda ke warin tsami, yana ƙara cinye ƙarfen, kuma yuretan ba ya kama inda silikon ya taɓa.

Tambaya: Na je ɗauko safaya na tarar tana iyo cikin ruwa, jak ya yi tsatsa. Robar but ɗin kuma lafiya take.
Daga wani direba, Idi-Araba

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da fitilun baya. Tsakanin fitila da bodi akwai gasket na soso, yana tsufa ya lanƙwame, ruwan da ke gangarowa ta kwatar but ya bi ta ramin notocin. In an taɓa bugun motar ta baya, ka duba haɗin ƙarfen da aka yi wa walda, da kuma ƙananan tagogin iska masu marfin roba da ke ɓoye bayan bamba, ɗaya kowane gefe. Ka kwashe komai, ka busar, ka barbaɗa hoda a bangon ciki, a zuba ruwa daga waje. Sawun ruwan zai fito a kan hodar ɓaro-ɓaro. A gindin ramin safaya akwai toshiyar roba, ka cire ta ruwan ya tsiyaye, amma ka mayar. In ka bar ta a buɗe, ruwan titi da hayaƙin salansa sun samu ƙofa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ambaliya ta rutsa da ni a hanyar Lekki zuwa Epe. Wata babbar mota ta wuce ta turo ruwa har kan bonet, motar ta mutu. Na yi mata ki sau biyu ta ƙi tashi, muka tura ta gefe. Yanzu tana gida. Ta ina zan fara?
Daga wani ɗan kasuwa, Sangotedo

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai gaskiya kin nan biyu da ka yi su ne abin tsoro, ba ambaliyar ba. Inji iska da fetur yake matsewa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya bi ta iya-kilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa, ya shiga silinda, fistin ya taso ya tarar da shi, sandar da ke riƙe da fistin, wadda makanikai ke kira kwanrod, ita ce ke lanƙwashewa, wani lokacin ta karye ta fasa bulok. Motar da ta mutu cikin ruwa ba a sake taɓa makullinta, janwe ake kira.

Yanzu ka cire kan batir na nagetif. Ka buɗe akwatin iya-kilina. In takardar ta jiƙe ko ka ga ruwa a bututun da ya nufi inji, ka ɗauka ruwa ya shiga. Ka zaro gejin baƙin mai. In ya haura alamar cika, ko launinsa ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya gauraya. Ko da ya yi kama da lafiyayye, a ɗan sassauta noton da ake juye mai, domin ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya, shi zai fara ɗigowa.

Daga nan bakanike ya cire kwayil da filogi duka, ya fara juya injin da hannu da sifana a kan fulin ƙasa. In ya cije a wani wuri, a tsaya, sai an buɗe inji. In ya juya sumul, a cire fiyus ɗin famfon fetur, a mayar da batir, a yi ki na 'yan daƙiƙu ruwan ya feso ta ramukan filogi. A busar da bututun iska, a sa sabon iya-kilina, a juye mai da filta. Bayan injin ya tashi ya yi zafi sosai a sake juye man karo na biyu; na farkon wanki ne kawai, a sa mai araha. In ya tashi yana karkarwa ko ana jin ƙwanƙwasa, a auna matsin kowace silinda, domin kwanrod da ya ɗan lanƙwashe yakan yi shiru na wani lokaci kafin ya karye.

Kada a manta da giya. Tana da ɗan bututun shaƙar iska a sama, ruwa na bi ta nan. Man giyar otomatik da ya sha ruwa yana komawa launin hoda, ya yi kauri kamar an dama da madara, kuma ruwan na saɓule gam ɗin da ya riƙe faifan kuloci. A jif kuma a duba man aksul. Sai soket ɗin da ke ƙasa, a zare su ɗaya-ɗaya, a fesa maganin wanke soket, a busar. Ruwan ambaliyar wajenku yakan haɗu da na kwata da na lagun mai gishiri-gishiri, ɓarnarsa a waya sai bayan makonni take bayyana. Mai mota mai haɗa fetur da lantarki kuwa kada ya taɓa wayoyi masu launin lemo, ya nemi wanda ya san aikin.

In inshorarka ta kare wanda ka yi wa ɓarna ce kawai, ba ta biyan wannan. In cikakkiya ce, ka ɗauki hotuna ka sanar da su kafin a kwance komai. Don gaba kuma, ruwan da ya haura rabin taya ba na shiga ba ne. Santimita 30 na ruwa mai gudu, wanda bai kai gwiwa ba, ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. In dole ce, a jira manyan motoci su wuce, a bi tsakiyar titi saboda buɗaɗɗun kwatoci na gefe, a tafi a hankali ba tsayawa, in an fita a riƙa ɗan taka birki har ya bushe.

Tambaya: Duk bayan kwana uku sai na ƙara wa lagireto kusan gorar ruwa ɗaya, kuma ban ga inda yake zuba ba. Ruwan bohol nake sawa. Bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka darek, wai motocin Turai ne ke buƙatarsa saboda sanyi.
Daga wani malamin makaranta, Mile 12

Amsa: Malam, hanyar ruwan inji rufaffiya ce, lafiyayyar mota takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ba. Ruwanka na zuwa wani wuri, cire tamostat kuma ba zai toshe wurin ba.

Ka shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin ya kwana. Da safe, inji na sanyi, ka bi da tocila: haɗin da ke tsakanin robar saman lagireto da alminiyam ɗinsa, bakin manyan tiyo biyu inda aka ɗaure su, ƙananan tiyon hita a bayan inji, da gindin wata-famfo. Ƙaramin yoyo yakan ƙafe a jikin inji mai zafi kafin ya kai ƙasa, amma yana barin busasshen shati fari ko ja. Ka duba murfin lagireto, shi ne mafi araha kuma shi aka fi mantawa. A kansa akwai lamba, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, wato matsin da yake riƙewa. Da wannan matsi ruwan kan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta mutu, ruwan na tafasa da wuri a gosulo ya fice ta ɗan tankin gefe. In za ka saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo ka tafi da tsohon, lambar ta zama iri ɗaya.

In duk ba a ga komai ba, a sa famfon gwaji a bakin lagireto a hura daidai lambar murfin, a zuba ido minti 15. Allura ta sauka kuma babu ɗigo a waje, to cikin inji yake tafiya. Alamomin lalacewar tof gasket, wato gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da bulok, su ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kumfa na tasowa a lagireto ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, da karkarwa in an tayar da safe. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi da zafi, ko da tsumma. Mutane da yawa sun ƙone fuska a nan.

Maganar tamostat ta daɗe tana yawo a garejin ƙasar nan, kuma ba daidai ba ce. Tamostat ɗan bawul ne a hanyar ruwan inji. A motocin Japan da yawa yana buɗewa wajen digiri 82, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya riƙe shi a nan. In babu shi inji na daɗewa da sanyi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, mai ya yi saurin lalacewa. In ya lalace a canza shi, ba a yar ba. Fanka darek kuma cin batir ne da kashe injin fankar.

Ruwan bohol shi ne ya kawo ka nan. Yana sa tsatsa, yana barin ƙanzo a siraran bututun lagireto, yana cinye fukafukan wata-famfo. Bayan gyara a wanke hanyar har ruwa ya fito garau, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, irin wanda littafin motar ya ce. In mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. In haɗaɗɗe ne a zuba yadda yake. Kada a gauraya iri biyu don launinsu ya zo ɗaya. Kulan yana da zaƙi kuma guba ne, a kawar da shi daga yara da dabbobi.

Tambaya: Baƙar mota ce da ni, shekara biyu kacal fentin ya dushe, in rana ta haska sai ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Maigadi na goge ta kullum da safe, ranar Asabar a wanke da omo. Me muke yi ba daidai ba?
Daga wani ma'aikaci, Obalende

Amsa: Yallaɓai, duka biyun. Gugar safe da busasshen tsumma ita ce ta yi zanen. Ƙura yashi ce, ana mulka ta a kan fenti kamar samfefa. Omo kuma an yi shi ne don ya cire maiƙo, sai ya wanke kakin da ke kare fenti, ya busar da robobi su yi fari. Gara motar ta wuni da ƙurarta da a goge ta a bushe.

A inuwa ake wanki, bodi na sanyi. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa ba a taɓa ta ba, yashin ya sauka. Bokiti biyu: ɗaya na sabulun wankin mota, murfi ɗaya ko biyu a lita 10 gwargwadon abin da aka rubuta a gorar, ɗaya na ruwa zalla. Duk sashen da aka wanke a ɗauraye tsumman a na biyun kafin a mayar cikin sabulu. Tsumman ya zama mai laushi irin na maikurofaiba, a riƙa jansa a miƙe, ba da'ira ba, daga sama a sauko. Taya da gindin ƙofa nasu soson daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar.

Kada a bar ruwa ya bushe da kansa, a tsane da tawul mai laushi. Ruwan bohol da yawa a Legas yana da ƙarfe da gishiri, shi ke barin ɗigo-ɗigo a gilashi da fenti. Farin khal, wato binega, rabi, tataccen ruwa rabi, a shafa na minti ɗaya a ɗauraye, yana cire sabon tabo. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke a ranar, in ya sha rana yana cin fenti. Zanen da ya riga ya fito sai an yi foli da inji, amma kowane foli yana rage kaurin fatar saman fenti, don haka sau ɗaya a hannun gwani, sannan kaki duk wata uku.

Ku da ke kusa da teku ku riƙa sa a wanke ƙasan mota da ruwa mai daɗi ko sau ɗaya a wata, musamman tokumbon da ta fito daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ta zo da tsatsarta. Fesa tsohon baƙin mai a ƙasa da wasu ke yi yana kumbura bushin ɗin roba, yana tara yashi. Man birki da ake shafa wa taya don ƙyalli, ɗigonsa ɗaya na ɗaye fenti. Wankin inji kuma ba na kowane mako ba ne: inji na sanyi, a rufe altaneta da akwatin fiyus da kwayil da leda, kada a kusanto da bakin injin feshi. Motoci da yawa lafiya suke shiga wurin wanki su fito suna misin.

Tambaya: Na tafi gida Sakkwato Babbar Sallah na yi sati biyar, na bar motar lulluɓe da tamfol. Na dawo na tarar fumfuna ta rufe kujeru da sitiyari da bel, ga wari. Na sa turaren wuta, bai tafi ba.
Daga wani mai karatu, Alaba Rago

Amsa: Malam, turare rufe wari yake yi, ba ya kashe fumfuna. Tamfol ɗin ne ya kulle laima a ciki. Ka sa takunkumi da safar hannu, ka fitar da motar rana ka buɗe ƙofofi. A fara zuƙe fumfunar da injin shara, sannan a fesa farin khal da ruwa rabi da rabi, a bar shi minti 15, a goge da burushi mai laushi, a tsane. Kujerar fata a gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bi da man fata. Bel a zaro shi har ƙarshe, sabulu mai sauƙi kawai, kada a sake shi ya naɗe sai ya bushe. Bilic ba ya shiga mota: yana raunana zaren bel, in kuma ya haɗu da khal yana fitar da iska mai guba. Silin a dangwala masa kawai, in ya sha ruwa gam ɗinsa na sakewa ya zazzago.

Bayan ya bushe a barbaɗa bekin soda a kafet ya kwana, a zuƙe. A canza filtar esi da ke bayan durowar dashbod. Ka kuma sa hannu ƙarƙashin kafet da ramin safaya, domin fumfuna mai yawa haka sau da yawa akwai yoyo a bayanta. Tafiya ta gaba ka bar ta ƙarƙashin rumfa, ka ajiye abin tsotse laima a ciki, wani ya riƙa kunna ta da esi minti 20 duk mako, a fili ba a rufaffen gareji ba.

Tambaya: Fitilar gabana ta dama na yin gumi ta ciki bayan ruwa. In canza ta?
Daga wani mai tasi, Apapa

Amsa: Ba lallai ba, ɗan'uwa. Fitila tana da ƙananan hanyoyin shaƙar iska a bayanta, ɗan hazon da ke washewa bayan ka kunna ta na rabin sa'a ba matsala ba ne. In ɗigo ne manya ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ka duba murfin robar baya. Masu sa sabbin ƙwai masu farin haske kan bar shi a buɗe don bai rufu ba. In yana nan, ka nemi tsagewa a haɗin gilashi da baƙar robar. Ka cire ƙwan, kada yatsa ya taɓa gilashinsa, ka bar fitilar a rana ta bushe, a liƙe tsagewar kaɗai, hanyoyin iskar a bar su a buɗe.